Itacen Ɗa'ifa da Jemagun Maɗaci

Alhaji Badamasi manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Mutum ne mai salla a kan lokaci, kuma ba ya cin haƙƙin ɗan ƙwadago. Amma yana da ciwo guda, wato son a ce shi kaɗai ke da abu. Wannan ciwo ya fi zazzaɓi wuyar magani, domin mai shi ba ya yarda ba shi da lafiya.

A Hajjin ƙarshen shekarar 2008, sauran alhazan ƙauyen sun dawo da dabino da zamzam da carbi da darduma. Shi kuwa ya dawo da tsiron itace a cikin buta. Wani ƙanensa da ya daɗe a can yana aikin lambu a Ɗa'ifa, garin nan da ke kan duwatsu, shi ya kawo masa shi har Makka. Yadda aka yi ya wuce da shi a filin jirgi kuwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Tsiron bai kai kamu guda ba. Ganyensa siri-siri ne kamar allura, yana da ƙamshi idan an murza.

Matarsa Sa'a ta leƙa cikin butar, ta ce, "Alhaji, wannan kuma mene ne sunansa?"

Ya ce, "Ar'ar."

"Subhanallahi! Daga tambaya? Me na yi maka?"

"Ba ke nake yi wa ar ba! Sunan itacen ke nan a bakin Larabawa. Ar'ar."

"To, Allah ya kyauta. Itacen da sai an tsine masa sau biyu kafin a gama kiran sunansa."

Alhaji ya dasa shi a bayan gida, cikin danga, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya ja shi can ya nuna masa, ya ce a duk faɗin Jihar Kano babu irinsa ko guda.

A cikin dangar nan kuma akwai wani ƙaton maɗaci da mahaifin Alhaji ya shuka. A ƙarƙashinsa Sa'a take sana'arta. Tana sayen shinkafa shanshera, ta jiƙa, ta turara a manyan tukwane da wutar ɓuntu, ta kai rana ta shanya, sannan a kai inji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar turara a watan bazara ya san cewa ba a yin aikin nan sai da inuwa. Babu wata inuwa a gidan sai ta maɗacin. Da wannan sana'a ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita take rufa wa kanta asiri, ba ta jiran a miƙo mata na sabulu.

Maɗacin yana da masu haya a sama. Jemagu ne, irin manyan nan masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo da wuya ruwan ɗorawa, waɗanda ke cin mangwaro da gwaba. Suna yini a rataye kai ƙasa suna faɗa da juna. Sa'a ba ƙaunarsu take yi ba. Tana rufe tukwanenta da buhu, idan sun dame ta ta zage su, su kuma su ci gaba da abin da suke yi. An daɗe ana zaune haka.

Duk tsawon lokacin sanyi, tsiron Ɗa'ifa ya yi ta sheƙi. Da zafi ya shigo sai bakin ganyensa ya fara ja. Alhaji ya yi abin da kowane manomin yankin zai yi, ya ƙara masa ruwa. Mutanenmu tun da ruwan madatsar Tiga ya iso musu suka ɗauka babu cutar shuka da ruwa ba ya warkarwa. Idan ta yi yaushi, ruwa. Idan ta yi ja, ruwa da taki. Idan ta mutu, a ce ruwan ne bai isa ba.

Tsiron ya ƙara ja. Wata safiya Alhaji ya tarar da kashin jemage a kan ganyensa, sai ya ce ya gano maƙiyi.

"Gobe Baballe mai saran itace zai zo da gatari," in ji shi. "Maɗacin nan ya tare wa itacena hasken safe, 'yan iskan da ke kansa kuma suna yi masa kashi. A sare shi kowa ya huta."

Sa'a ta ajiye muciya. "Alhaji, ni kuma in koma ina da tukwanena?"

"Ki yi rumfa."

"Rumfar kara a kan wutar ɓuntu? So kake in ƙone gidan?"

"Na gama magana."

Da ya fita gona ta yafa mayafi ta tafi gidan Mai unguwa Dattijo, wanda yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Washegari da hantsi Baballe mai saran itace ya iso da gatarinsa a kafaɗa, sai ya tarar an shimfiɗa tabarma a gindin maɗacin. Mai unguwa yana zaune. Kusa da shi ga Musbahu malamin gona, wanda aka tare a hanya yana kan babur. Ga kuma maƙwabta da suka ji ƙishin-ƙishin suka baro aikinsu, domin a ƙauye babu aikin da ya fi kallon rigimar gidan wani muhimmanci. Sa'a tana gefe a kan kujerar tsugunno.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, ka san ba a kayar da babban itace ban sani ba. Idan mutanen gandun daji suka zo, wuyana za su kama."

"Ranka ya daɗe, gidana ne, itacen ubana ne."

"Gaskiya ne."

Sa'a ta ce, "Yaya, inuwata ce."

"Wannan ma gaskiya ne."

Dattijo mutum ne da ya tsufa a sarauta ta hanyar ƙin yanke hukunci. Idan ya bai wa ƙanwarsa gaskiya, a ce ya yi son kai. Idan ya bai wa surukinsa, ya san abin da zai ji a wajen dangi ranar suna ko biki. Sai ya juya ga malamin gona, ya ce, "Malam Musbahu, me boko ya ce?"

Musbahu ya gyara zama. Bai daɗe da dawowa daga wata bita a Kano ba, kuma tun da ya dawo yake neman wanda zai tambaye shi. Ya ce an gaya musu cewa masana na duniya sun kasa halittu aji-aji, dabbobi da itatuwa, gwargwadon yadda kowanne ya kusa ƙarewa daga doron ƙasa. Akwai wanda ba a damu da shi ba saboda yawansa. Akwai wanda ya kusa shiga haɗari. Akwai wanda ya shiga. Akwai wanda yake bakin gargara. Wanda ya fi kusa da ƙarewa, shi ake fara karewa.

Fuskar Mai unguwa ta washe. Ya samu wanda zai ɗora wa kayan.

"Madalla! To ga hukunci. Malam zai je ya binciko mana ajin jemagen nan da ajin itacen Alhaji. Wanda ya fi kusa da ƙarewa, shi za a kare. Idan itacen Alhaji ne, Baballe ya sa gatari. Idan jemage ne, maɗaci ya zauna. Kun yarda?"

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Na yarda! Nawa guda ɗaya ne tak. Waɗannan kuwa ku ɗaga kai ku gani, sun fi 'yan kasuwar Kura yawa."

Sa'a ta ɗaga kai ta dube su. Ta ce, "Yaya, ni fa ba jemage nake karewa ba. Inuwa nake karewa."

"Ai a jirgi ɗaya kuke yanzu," in ji Mai unguwa. "Sai ki yi musu addu'a."

Kafin a watse, Alhaji ya ja Musbahu gaban tsiron ya ce ya duba masa shi. Musbahu ya tsuguna, ya murza ganye, ya sansana, ya yi shiru irin na masana. Sannan ya ce, "A ƙara masa ruwa. A ɗan barbaɗa masa yuriya." Duk maƙwabta suka gyaɗa kai, domin abin da za su faɗa ke nan da an tambaye su.

Alhaji bai yi wasa da shawarar ba. Ya ja ƙasa ya yi wa tsiron fangali irin na shinkafa. Ya ɗauko injin ban ruwa daga gona, ya ja tiyo tun daga ƙaramin kanal har cikin danga. Safe da yamma injin yana ruri. Ya zuba yuriya, ya bi da takin kamfa, ya ƙara da takin tumaki don kada a ce ya yi rowa. Kwaɗi suka tare a gindin itacen Ɗa'ifa. Agwagwar maƙwabta ta gano wurin ta riƙa kawo 'ya'yanta wanka.

Ita kuwa Sa'a ta shiga wani hali. Matar da ta yi shekaru tana zagin jemagu, yanzu kullum sai ta ɗaga kai tana duba ko sun ragu, tana fatan a ce sun ragu, sannan ta tuna ba ta san ko raguwar tasu a nan za ta kai kunnen masanan duniya ba. Wata maƙwabciya ta ji ta tana ce musu, "Ku dai ku rage haihuwa, don Allah, har a gama shari'ar nan."

Musbahu ya shiga Kano, ya zauna a kafe, wato shagon intanet, ya yi bincikensa, ya dawo. Aka sake shimfiɗa tabarma a gindin maɗaci da hantsi. Jama'a sun fi na farko yawa. Baballe ya wasa gatarinsa har yana ɗaukar ido, ya jingina shi a jikin maɗacin inda Sa'a za ta gani. Alhaji ya sa babbar riga.

"To Malam," in ji Alhaji, "faɗa musu muƙamin da aka bai wa itacena."

"Alhaji, ba muƙami ba ne, aji ne na..."

"Faɗa musu dai."

Musbahu ya ce ya samo su duka biyun. Itacen ar'ar yana fitowa a duwatsun ƙasar Larabawa da na Habasha da wasu ƙasashen gabas, yana yin tsawo ƙwarai, yana daɗewa a duniya. Ana sare shi don katako da makamashi, shi ya sa yake raguwa. Jemagen kuma yana nan a ƙasashen baƙar fata da yawa, yana tafiya mai nisa yana bin 'ya'yan itatuwa, yana yar da ƙwallayensu a wasu wurare su tsiro. Shi ma yana raguwa, domin a wasu garuruwan ana harbinsa a ci, kuma ana sare itatuwan da yake kwana.

"A ci?" in ji Baballe. "Wannan abin? A'uzubillahi."

"Aji muke jira," in ji Mai unguwa.

Musbahu ya share zufa. "Ranka ya daɗe, ajinsu ɗaya. Duka biyun an ce sun kusa shiga haɗari, amma ba su shiga ba."

Sai jemagu kawai ake ji a sama.

Alhaji ya miƙe. "Ajinsu ɗaya? Itacen da na ɗauko daga ƙasa mai tsarki, na rungume shi a jirgi, na hana kaina barci, shi ne aji ɗaya da abin da yake kashi ta baki?"

"Alhaji, ba kashi ba ne, tuƙar 'ya'yan itace ce suke tofarwa. Kashin ta inda kowa yake yi suke yi."

"Ka leƙa ka gani?"

Jama'a suka fashe da dariya. Wani maƙwabci ya ce ai a yi adalci, itacen Alhaji yana da ƙamshi, jemage kuwa wari. Wani ya ce amma jemage yana ciyar da kansa, bai taɓa sa an kunna masa inji ba. Wani tsoho ya ce shi abin da ya lura, jemage kansa a ƙasa yake, itacen Alhaji ma kwanan nan kansa a ƙasa yake, don haka masanan ba su yi ƙarya ba.

Wannan magana ta tsohon ita ta buɗe wa Alhaji ƙofa. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Ranka ya daɗe, me ka ce a hukuncinka? Wanda ya fi kusa da ƙarewa. To a duniya sun yi kunnen doki, na ji. Amma a gidan nan fa? Ku dubi waɗannan ƙattin, kowanne wuyansa kamar na ɗan dambe. Ku zo ku dubi nawa. Wallahi ya fi su kusa da mutuwa nesa ba kusa ba!"

Mutumin da a watan jiya zai iya marin wanda ya ce itacensa ya yi yaushi, yau shi ne yake rantsuwa cewa yana bakin kabari, yana kuma alfahari da hakan. Son a ce ka fi kowa haka yake yi da mutum. Idan babu fifiko a lafiya, sai ya nema a ciwo.

Mai unguwa ya dubi ƙanwarsa, ya kawar da kai. Hujjar ta yi ƙarfi. Sa'a ta dubi tukwanenta, ta dubi filin da babu ko ciyawa a bayan inuwar, inda rana take dukan ƙasa. Baballe ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki gatari.

"A je a gani da ido tukuna," in ji Mai unguwa, don ya ja lokaci.

Aka ɗunguma zuwa fangalin. Agwagwa ta fice da 'ya'yanta. Tsiron yana tsaye a tsakiyar ruwa, ya koma ja kamar tsatsa tun daga sama har ƙasa. Alhaji ya tattare babbar riga ya shiga taɓo.

"Ku duba nan! Ku duba yadda ya galabaita! Ko wannan reshen, da na ɗan taɓa shi haka..."

Ya ɗan ja reshen. Itacen gaba ɗaya ya biyo hannunsa, sumul, kamar an zare tsinke daga tuwo. Saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, tana ɗiga, wari ya bugi na kusa.

Musbahu ya karɓa ya duba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, a binciken nan na ga wani abu kuma. Itacen kan dutse ne. Yana son sanyi, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Ruwa ne ya kashe shi."

"Ruwa?" in ji mutane da yawa a tare.

"Yaro, ka san abin da kake faɗa?" in ji tsohon nan. "Ruwa ya kashe shuka?"

"Kuma wa ya ce a ƙara masa ruwan?" in ji Alhaji.

"Lokacin ban shiga kafe ba," in ji Musbahu.

Alhaji ya tsaya a cikin taɓo da gawar itacen a hannu. An ɗauka zai yi kuka ko ya yi faɗa. Sai ya ce, "Malam, a cikin azuzuwan nan naka, wanne ne na can ƙoli?"

"Wanda ya ƙare ƙurmus."

"To nawa ya ƙare?"

"Na gidan nan dai ya ƙare."

"Jemage ya kai wannan ajin?"

"Bai kai ba."

Alhaji ya juya ga jama'a. "Kun ji da kunnenku. Na ci! Baballe, bismilla."

Baballe ya nufi maɗacin. Sa'a ta tashi ta riga shi isa, ta zauna a kan saiwarsa, ta jingina bayanta da gindin. Baballe ya tsaya yana duban Mai unguwa.

A nan Dattijo ya yi abin da bai saba yi ba. Wataƙila ganin ƙanwarsa zaune a gaban gatari ne ya tuna masa cewa rawani ba don rana kaɗai ake naɗa shi ba.

"Alhaji, ka ci," in ji shi. "Kowa shaida ne, itacenka ya fi jemage aji, ya kai inda babu na sama da shi. Amma hukuncin cewa ya yi a kare wanda ya fi kusa da ƙarewa. Naka ya wuce kariya, sai dai addu'a. Saura mai bi masa." Ya nuna sama da sandarsa. "Gidanka ne, ban ƙwace maka ba. Idan ka sare maɗacin nan yau, ba don itacen Ɗa'ifa ka sare ba, ga shi nan a hannunka. Ka sare ne don ka gasa matarka a rana. Haka za a faɗa a masallaci, haka za a faɗa a kasuwa. Ka zaɓa, a ce Alhaji ya ci shari'a, ko a ce wancan."

Alhaji ya dubi jama'a. Ya dubi matarsa a gindin itacen ubansa. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ya kama shi ba, domin na san mutumin. Amma ya auna labaran biyu, ya ga wanda zai fi daɗin ji.

"A dai tabbata an faɗa daidai," in ji shi. "Aji na ƙoli."

"Na ƙoli," in ji Mai unguwa.

"Baballe, sauke gatarin. Mai nasara ba ya ramuwa."

Sa'a ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta ɗan rusuna ta ce, "Barka da nasara, Alhaji. Allah ya ƙara ɗaukaka." Babu wanda ya iya gano ko da wasa a muryarta. Sannan ta ce wa mazan su ɗage mata tabarmarsu, shinkafarta ta jiƙu tun jiya, za ta hura wuta.

Aka ɗage tabarma aka watse. A hanya maƙwabta suka yi ta tattauna abin, kuma kafin su isa bakin kanal sun daidaita a kan magana guda: malamin gona yaro ne, boko ya ruɗa shi. Da an ƙara wa itacen nan ruwa tun da wuri, da yanzu ya kai kafaɗa.